Me zan ɗinka na zuwa coci da ba zai tsufar da ni ba?

Autar Zaure: Salama 'yan'uwa. Don Allah ku taimake ni da shawara. An sa ni cikin masu karatun Littafi a sujadar safe daga wata mai zuwa, ke nan zan riƙa tsayawa gaban jama'a. Jiya na zazzage akwatina, sai na ga kayana kashi biyu ne: na aiki, duk sun kama jiki, da na biki, duk walƙiya. Ina so in ɗinka kala uku da za su rufe ni da kyau, amma kada a ce na aro na kakata. Wane yadi, wane ɗinki?

Maman 'Yan Biyu: Barka da hidima, auta. Doguwar riga mai buɗewa daga ƙugu, ta sauka har tsakiyar ƙwauri. Ba ta taɓa ba mace kunya.

'Yar Mawaƙa: Hannun ya ɗan wuce gwiwar hannu. Yana fito da mace, kuma ba ya tsufarwa.

Mai Ɗinki: Ƙanwata, fara da yadin, don shi ne ke yanke hukunci. Auduga da lilin suna shan iska, sai dai lilin kafin a gama wa'azi ya yamutse a cinya da baya. In kina son sa, nemi wanda aka gauraya da auduga. Kirif ne na fi ba masu tsayawa gaba: yana zubowa a jiki, ba ya manne, ba ya neman guga kowane lokaci. Satin ki bar wa biki, yana tona zufa da duk wani layin kayan ciki. Shifon da leshi kuwa sai da shafi, kuma shafin ya kai inda rigar ta kai. Duk yadin auduga, har atamfa, ki jiƙa shi ya bushe kafin a yanka, in ba haka ba wankin farko zai janye miki tsawo.

Wajen awo, ki ce a bar miki inci 2 a ƙirji, 2 zuwa 3 a mazaunai, kuma a gwada ki kina zaune. Siket miƙaƙƙe yakan hau inci 2 ko 3 da zarar an zauna. Shi ya sa wanda ya rufe gwiwa a tsaye yake buɗe ta a kan benci.

Maman 'Yan Biyu: Ashe shi ya sa nake ganin 'yan mata da hankici a kan gwiwa tun daga addu'ar buɗewa har albarka.

Anti Nas: Auta, tsaya in ba ki labarina, don ban so abin da ya same ni ya same ki. Shekara biyu ke nan, ni aka ba karatun safiyar Ista, Yohanna sura 20. Na ɗinka farar rigar shifon har ƙasa, dogon hannu, wuya a rufe. Wadda ta ɗinka ta sa shafi, amma siriri, kuma iya gwiwa. Daren Asabar na gwada a ɗaki, ƙarƙashin ƙwan lantarki, na juya gaba na juya baya, ban ga komai ba. Abin da ban lissafa ba shi ne babbar tagar da ke bayan wurin karatu, wadda rana ke shigowa ta cikinta da safe. Ina tsaye ina karanta yadda Maryamu Magadaliya ta je kabari tun da sauran duhu, sai na lura mutanen layin gaba sun sunkuyar da kai. Na ɗauka saƙon ne ya shige su. Ban kai aya ta goma ba wata tsohuwa ta taso a hankali, ta cire gyalenta, ta ɗaura mini a ƙugu daga baya, ta koma ta zauna, ko kallona ba ta yi ba. Hannunta na rawa, ƙullin ma bai ɗauru sosai ba, da gwiwar hannu na danne shi har na kai ƙarshen surar.

Wannan bai yi mini ciwo ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne bayan an tashi, a bakin ƙofa, wata ta ɗaga murya ta ce ai da gangan wasu suke yi. Mako uku ban taka coci ba. Tsohuwar nan ce ta neme ni har gida, ta ce ta zo karɓar gyalenta ne, ta zauna awa guda ba ta ambaci rigar ba ko sau ɗaya.

Saboda haka kada ki yarda da madubin ɗaki. Ki sa kayan da rana tsaka, ki tsaya a bakin ƙofa haske na bayanki, wata ta tsaya daga ciki ta dube ki. Ki zauna, ki durƙusa, ki sunkuya kamar za ki ɗauki abu a ƙasa, ki ɗaga hannu biyu sama. Duk abin da kike yi a sujada ki yi shi a gida tukuna. Kuma ƙarƙashin farin kaya, shimi da rigar mama su zama kalar fatarki. Fari a ƙarƙashin fari ya fi fitowa, mutane da yawa ba su san haka ba.

'Yar Mawaƙa: Wayyo Anti. Ubangiji ya sa wa tsohuwar nan albarka. Hawaye ya zo mini.

Mai Ɗinki: Sannu Anti. Wannan laifin mai ɗinki ne, ya kamata ta ɗaga yadin a rana kafin ta zaɓi shafi. Tun da kin ambaci ɗaga hannu: in riga na tashi har ta buɗe ciki, yawanci an zurfafa yankan hammata ne. Mutane na ɗauka hammata mai faɗi ta fi sakewa, alhali ita ke janyo rigar gaba ɗaya sama. A yanka ta kusa da jiki, hannu zai ɗagu rigar na zaune.

Mama Dattijuwa: 'Ya'yana, na karanta duka. Kun yi ta yadi da inci, ba wadda ta ambaci kai. 1 Korintiyawa 11 bai ɓoye ba, mace mai addu'a ta rufe kanta. Mu haka muka tashi muka tarar. 'Yata, ki fara sayen ɗankwali kafin riga.

Malamar Lahadi: Mama, ku yi haƙuri, a wannan ikilisiyoyi sun sha bamban, kuma duk surar ɗaya suke karantawa. Wasu sun ɗauke ta umarni na kowane zamani, wasu sun ce Bulus yana magana ne kan yanayin Koranti, wasu kuma suna kafa hujja da aya ta 15, inda ya ce an ba mace gashi don rufi. Auta ta tambayi shugabannin inda take sujada, tunda gaba za ta tsaya.

'Yar Katolika: Mu ma a da doka ce. Kundin dokokin cocinmu na 1917 ya ce mata su rufe kai a coci, wanda ya maye gurbinsa a 1983 bai sake kawo maganar ba. Yanzu mai so ta yafa, marar so ta bari. Amma har gobe in kin je cocin Bitrus mai tsarki a Batikan, masu gadi ba za su bar ki shiga da kafaɗa ko gwiwa a buɗe ba, kuma maza ma haka.

Mama Dattijuwa: To kun ji. Ko can da sauran kunya.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai roƙona ɗaya ga masu rufe kai: a rage wa ɗauri hawa. Makon jiya wata ta zauna gabana, muryar fasto kawai na ji, shi ban gan shi ba sai wajen baiko.

'Yar Mawaƙa: Hahaha! Mu da muke kallon jama'a daga gaba, wani layin sai ki ce an jera laima.

Ma'aikaciyar Banki: To wando fa? Ina da mai faɗin ƙafa, in na tsaya sai ki rantse siket ne, ina ɗora masa riga har gwiwa. Ya fi siket mai tsaga rufe ni nesa ba kusa ba.

Mama Dattijuwa: Maimaitawar Shari'a 22:5: kada mace ta sa kayan namiji. Ban ƙara ko kalma ba.

Ma'aikaciyar Banki: Mama, da girmamawa, a zamanin da aka rubuta ayar maza da mata duk riguna masu tsawo suke sawa. Wandon da aka yanka wa mace ba kayan namiji ba ne. Kuma a surar nan, aya ta 11 ta hana sa tufar da aka haɗa ulu da lilin. Wa ke duba wannan a cikinmu?

Malamar Lahadi: Don Allah kada mu sake buɗe wannan, kun san yadda muka ƙare wancan karon. In cocinki ba a sa wando, kada ki je da shi don ki ci gardama. In ana sawa, kada ki raina wadda ba ta sa.

Anti Nas: Abin da nake so a riƙe daga labarina ba wando ba ne ko ɗankwali. Yakubu sura 2 ya yi maganar mai zoben zinariya da kaya masu kyau da aka ba wuri mai daraja, matalauci kuma aka ce ya tsaya can. Baƙuwa in ta shigo da abin da take da shi, a bar ta ta zauna ta ji Maganar. Gyara yana da lokacinsa, kuma a kunne ake yin sa.

Mama Dattijuwa: A nan kin yi gaskiya, 'yata. Ni ma ban taɓa kunyata yarinya gaban mutane ba. Ina da gyale biyu a jaka kullum, ɗaya ba nawa ba ne.

Autar Zaure: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Anti, na kwafe gwajin bakin ƙofa. Mama, a wurinmu ana rufe kai, ina da 'yan kwalaye. Amma har yanzu ba a ce mini komai kan kala ba, kuma ina tsoron 1 Timoti 2:9, kada ado ya yi yawa.

Malamar Lahadi: Karanta har aya ta 10, auta. Abin da Bulus ya tsawata a kai shi ne a mai da kitso, zinariya, lu'ulu'u da kaya masu tsada abin taƙama, ya ce adon ya zama ayyuka nagari. 1 Bitrus 3:3-4 ma haka ya bi. Ba a ce ki zo a hargitse ba. Macen kirki ta Karin Magana 31, lilin da shunayya take sawa, kuma Lidiya da ta karɓi su Bulus a Filibi sayar da shunayya ne sana'arta.

Mai Ɗinki: Mu kuma Dokas ce tamu, Ayyukan Manzanni 9. Da ta rasu, riguna da ta ɗinka matan da mazansu suka rasu suka riƙa nuna wa Bitrus suna kuka. Kan kala: ɗaya shuɗi mai duhu, ɗaya kore mai duhu ko ruwan hanta, ɗaya mai haske, ruwan madara ko ruwan hoda. A wuri ɗaya kawai za ki yi ado. In yadin mai zane ne, ɗinki ya zama salin alin, ɗankwali marar zane. In yadin marar zane ne, a yi ɗan aiki a wuya ko bakin hannu. Wuyan kada ya wuce yatsu huɗu daga ramin maƙogwaro, ni da haka nake aunawa. Maimakon tsaga a baya, ki ce a yi miki ninki a ciki, za ki yi taku yadda kike so ba a ga ƙafa ba. Abin da ke tsufar da mace ba tsawon riga ba ne, kafaɗa ce da ta zarce da ƙugun da ya ɓace. In kafaɗa ta zauna daidai, aka ɗan tsuke ƙugu ko aka sa siririn bel, ko har ƙasa rigar ta kai za ki fito tsaf.

'Yar Katolika: In kina son bin lokutan shekara, a wurinmu shunayya ce a Lahadi huɗu kafin Kirsimeti da lokacin azumi kafin Ista, fari a Kirsimeti da Ista, ja a Fentikos, kore a sauran makonni. Na rigar fada, wato limamin coci, da bagade ne, ba a ɗora wa jama'a ba, amma ni ina jin daɗin sa gyale mai kalar lokacin.

'Yar Mawaƙa: Awarwaro a bar shi gida ranar karatu. Makirfo na kwashe ƙararsa duk lokacin da kika juya shafi. Dogon ɗan kunne ma haka.

Ma'aikaciyar Banki: Da takalmi mai tsini. Ƙwas ƙwas daga ƙofa har gaba, kowa ya waiwayo. Mai faɗin dunduniya, inci 2, ya isa, kuma ki taka shi a gida kwana biyu kafin Lahadi.

Maman 'Yan Biyu: Wa ya ga ke da takalmanki kina faɗin haka?

Ma'aikaciyar Banki: Na ofis daban, na Ubangiji daban, Yaya.

Anti Nas: Turare ma a sassauta. Akwai masu asma a cikin jama'a, ƙamshi mai ƙarfi a rufaffen ɗaki yana iya tayar musu da ciwo. Na taɓa fita da wata yarinya waje tana haki ana tsakiyar Jibin Ubangiji.

Mai Jego: Ku yi haƙuri na shigo a makare. Yaya Mai Ɗinki, ni fa shayarwa nake, duk dogayen rigunana zif ɗinsu a baya yake. Lahadin da ta wuce sai da na fita da yaro sau biyu. Da yadda za a gyara su, ko sai sabo?

Mai Ɗinki: In akwai ɗinki a ƙarƙashin ƙirji ko layi biyu da suka sauko ta gaba, ana farkewa a sa ɓoyayyen zif a nan, ba mai ganewa. In babu, riga da siket sun fi miki sauƙi a wannan shekarar, da gyale mai faɗi na auduga don kada yaro ya yi zufa a ciki. Turo mini hoton gaban rigunan in gani.

Mai Jego: Bari ya yi barci, yanzu ya kama wuyan rigata ya ƙi saki.