Wai da gaske kayan sojoji sun fi na farar hula inganci?

Mai_Tambaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi kes ɗin waya, a jikin kwalin an rubuta wai ƙarfinsa irin na kayan sojoji ne, har da wata lamba MIL-STD-810. Wlh ko sati biyu bai yi ba wayar ta suɓuce min ta faɗi kan siminti, gilashin ya tsage tun daga sama har ƙasa. Shi ne nake ta tunani, kayan sojan ne dama ba su kai yadda ake zuzuta su ba, ko ni aka yi wa wayo?

Injiniya_Waya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kai aka yi wa wayo. MIL-STD-810 kundin gwaje-gwaje ne na sojojin Amurka tun 1962, akwai gwajin zafi, sanyi, ƙura, girgiza, faɗuwa, har da iskar teku mai gishiri. Matsalar ita ce babu wata hukuma da ke ba kayan kasuwa shaida, kamfani shi zai zaɓi gwaji ɗaya cikin su duka, ya yi a ɗakinsa ya buga lambar a kwali, waye zai tambaye shi?

Tsohon_Kofur:
Ni da na goya kayan nan a bayana bari in faɗa muku. Rediyon da muke ɗauka nauyi kamar bulo, batirinsa kaɗai ya ishe ka, wayar hannunka ta fi shi wayo sau dubu, amma ruwan sama ya dake shi, ya faɗo daga bayan mota, ka goge taɓon ka kunna ya kama. Abin da ake biya kenan, ba kyau ba. Kuma kar ku ɗauka kayan soja ba sa ba da kunya. Bindigar M16 da Amurka ta kai yaƙin Biyetnam ta riƙa maƙalewa ana tsakiyar wuta saboda an canza nau'in albarushin harsashinta kuma ba a raba isassun kayan goge ta ba, sai da majalisar Amurka ta yi bincike a 1967.

Direba_Ne:
Oga Kofur ranka ya daɗe, amma ƙarkon ma ai farar hula ba su bar muku ba. A 1987 sojojin Chadi da Toyota Hilux da Land Cruiser suka fatattaki tankokin Libiya, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Yanzu kuma dubi Yukren, ƙananan jirage marasa matuƙi na kamfanin DJI da aka ƙera don ɗaukar hoto su ake leƙen abokan gaba da su. Jirgin ƙarƙashin teku na Amurka ma abin buga gem na Xbox suka sa wurin juya kyamarar leƙe, don ya fi arha kuma matasan sojojin sun riga sun iya shi.

Injiniya_Waya:
Duk gaskiya ne, sai dai ka lura mota ɗaya ake ƙerawa miliyoyi, duk aibinta direbobi sun tono shi an gyara, shi kuwa makamin soja ƙila 'yan ɗaruruwa aka yi, wani aibin sai a fagen daga zai fito. Misali Patriot, na'urar Amurka mai kakkaɓo makamai masu linzami, a Dahran ta Saudiyya, Fabrairun 1991, an bar ta a kunne kusan awa 100, agogonta ya kauce da kusan sulusin daƙiƙa, ta kasa tare makami mai linzami na Scud, sojoji 28 suka mutu. Shi ya sa in abu ya tabbata yana aiki sojoji ba sa son taɓa shi, tsarin aika umarnin nukiliyar Amurka da tsohon faifan fulofi mai inci 8 ya yi ta aiki har 2019.

Mai_Tambaya:
Tabɗi, fulofi kuma? Na gode malamai. To Injiniya, in zan sake sayen kes me zan duba tunda lambar ba ta da amfani?

Injiniya_Waya:
Duba kusurwoyin su yi kauri, bakinsa kuma ya ɗan ɗara gilashin tsayi. In sun bayyana daga mita nawa suka sako shi da sau nawa, to da ɗan dama-dama.