Ƙafata ɗaya ta kumbura bayan na fara shan ƙwayar tazarar haihuwa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Admin a ɓoye sunana don Allah. Ina Tudun Wada, Gombe, shekarata 36. Sati uku da haihuwa na sayi ƙwayar tazarar haihuwa a kemis na fara sha saboda tsoron kwanika. Yanzu sharaɓar ƙafata ta hagu ta kumbura, ta yi ɗumi, in na taka kamar ana jan jijiyar. Uwar mijina ta ce sanyin jego ne, a gasa a murza. Ku ba ni shawara.

Ungozoma daga Kumo: 'Yar uwa, kada kowa ya murza miki ƙafar nan. Kumburin ƙafa ɗaya da ciwo ga mai jego alama ce ta gudan jini a jijiya. Ki tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya yau ɗin nan a yi miki hoton jijiyar, ki riƙe kwalin maganin. In numfashi ya fara yi miki wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko kika yi tari da jini, wataƙila gudan ya kai huhu ke nan, ko tsakar dare ne a fita da ke.

Maman Biyu: Subhanallahi. Anti, ni ma ita nake sha fa.

Ungozoma daga Kumo: Ki duba taki, iri biyu ce: mai estrojin da marar shi. Mai haɗin sinadarin estrojin ita ce abin lura. Estrojin yana taimaka wa jijiyoyi su saki jini ya gudana, amma kuma yana sa hanta ta ƙara sarrafa abubuwan da ke daskarar da jini. Cikin mata 10,000 da ba sa sha, kusan 2 ke samun gudan a shekara. Masu sha kuwa 5 zuwa 12. To mai jego jininta dama a shirye yake ya daskare don tsayar da zubar haihuwa, har zuwa sati 6. Shi ya sa ba a ba mai shayarwa irin wannan ƙwayar a lokacin. Ana tambayar hawan jini da ciwon ɓarin kai kafin a bayar, abin da mai kanti bai cika yi ba. Hanyoyin tazara irin su ashanar hannu da robar mahaifa babu estrojin a cikinsu.

Hajiya Babba: 'Yata, ki sa maigidan ya yi wa mahaifiyarsa bayani cikin ladabi, ku kama hanya. Allah Ya ba ki lafiya.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka. Ya tafi neman Keke Napep, yanzu za mu fita.