Neman kalmar Hausa: me za mu kira “model” na kimiyya da likitanci?

1/
Assalamu alaikum jama'a. Ga wata kalma da ta daɗe tana wahalar da masu fassara da malaman kimiyya: “model”. Ba ta masu tallar tufafi nake nufi ba, ba kuma ta mota ba, wannan mun gama da ita tunda muna cewa ƙirar kaza. Wadda masana kimiyya da likitoci ke nufi nake so mu zauna a kanta. A rediyo za ka ji an ce samfuri, a jarida ka ga hasashe, malamin sakandare kuma ya ce wa ɗalibansa misali, kuma kowace fassara da inda take kai mai sauraro. Wata 'yar uwa ta ce a bar shi a samfuri, wani Malam kuma ya kawo shawarar kwatanci. Ni ma ina da shawara, amma a fara ganin jaririn kafin a raɗa masa suna.

2/
A 1953, a ɗakin bincike na Cavendish da ke Kambirij a Ingila, James Watson da Francis Crick sun harhaɗa faya-fayan ƙarfe da sanduna, suka ce ga yadda DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, take: igiya biyu a murɗe da juna. Kafin ƙarafan su iso daga wurin maƙera, kwali Watson ya yayyanka da siffar sinadarai huɗu da ke cikin DNA, waɗanda ake kira A, T, G da C, yana jujjuya su a kan tebur, har ya ga A na dacewa da T, G kuma da C. Babu wanda ya taɓa ganin DNA a haka da idonsa. Abin da ke hannunsu shi ne hotunan X-ray da aka ɗauka a Kwalejin King's ta Landan, da awon da Rosalind Franklin ta fitar daga cikinsu. Tun a 1951 sun taɓa haɗa wani mai igiya uku, Franklin ta zo ta duba, ta nuna musu bai dace da yawan ruwan da ke cikin DNA ba, dole suka ajiye shi. To, wannan abu na ƙarfe “model” ne: ana taɓa shi, ana zagaya shi, ana kuma iya kama shi da kuskure.

3/
Na biyu yana da rai. Likitan nan Ronald Ross ya ga ƙwayar maleriya a cikin sauro a Indiya a 1897. Da aka mayar da shi Kalkata a 1898, bai samu marasa lafiyar da zai ci gaba da aikin a kansu ba, sai ya koma kan tsuntsaye, domin su ma suna da irin tasu maleriyar. A jikinsu ya bi ƙwayar daga cikin sauro zuwa inda yawunsa yake taruwa, daga nan zuwa jinin lafiyayyen tsuntsu. Tsuntsun ya tsaya a madadin mutum ke nan. Haka ma a 1971, a kan ɓerayen da aka sa wa maleriyar ɓeraye Tu Youyou ta ƙasar Sin ta gwada abin da ta tace daga wani nau'in tazargade, wanda daga gare shi aka samu artemisinin, tushen magungunan maleriyar da ake ba mu a asibiti yau. Ɓeran nan ma “model” suke ce masa.

4/
Na uku babu abin taɓawa a cikinsa, lissafi ne zalla, kuma a nan ne zancen ya zo har ƙofar gidanmu.

Shi dai Ross ɗin, tsakanin 1908 da 1911, ya zauna ya rubuta alaƙar mutane da sauro da lambobi: mutum nawa ke ɗauke da ƙwayar, sauro nawa ke kan kowane mutum, sau nawa yake cizo, marasa lafiya nawa ke warkewa. Da ya warware lissafin sai ga abin da mutanen zamaninsa suka ƙi yarda da shi: ba sai an kashe sauron duniya kaf ba kafin maleriya ta mutu a gari. Akwai wani adadi, idan yawan sauro ya faɗo ƙasa da shi, cutar ba ta iya riƙe kanta. A shekarun 1950 George Macdonald ya ƙara wa lissafin ƙarfi, ya nuna cewa gajarta ran sauron da ya girma ya fi rage yawansa tasiri, domin ƙwayar na buƙatar kwanaki a cikinsa kafin ta iya shiga wani mutum. Wannan ne ya ƙarfafa gwiwar masu feshin bangon ɗakuna.

Sai aka zo gwada maganar a ƙasa irin tamu. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka gudanar da wani babban aiki a ƙauyukan Garki, a lokacin tana Jihar Kano, yanzu tana Jigawa. Aka yi ta ɗibar jinin mutanen ƙauyukan ana dubawa lokaci-lokaci, ana kama sauro ana ƙirgawa. A 1972 da 1973 aka fesa wa bangon ɗakuna maganin propoxur, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba wa kowa maganin maleriya. Daga bayanan da aka tara ne masana uku, Dietz da Molineaux da Thomas, suka fitar da nasu lissafin a 1974, wanda ya saka abin da na Ross bai kula da shi ba, wato garkuwar da jiki ke samu bayan mutum ya sha kamuwa tun yana yaro. Cutar ta ragu ƙwarai a inda aka haɗa feshi da magani, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron ba ya sauka a bangon ɗaki bayan ya yi cizo, waje yake fita ya huta, feshin bai same shi ba.

Abin da ke damuna ke nan. Da jinin mutanen Garki aka gina ɗaya daga cikin sanannun lissafan maleriya a duniya, har yau masana na komawa kan bayanan, amma jikokin waɗannan mutane ba su da tsayayyar kalmar da za a faɗa musu abin da aka gina da harshensu.

5/
To me ya haɗa ƙarfen Kambirij da ɓeran Sin da lissafin Garki? Kowannensu wani abu ne daban da aka tsayar a madadin abin da ake son fahimta, saboda shi ainihin abin ya yi ƙanƙanta, ko ya yi yawa, ko kuma bai halatta a yi gwaji a kansa ba. An ɗauki siffofin da ake buƙata, an bar sauran da gangan. Sannan ana yi masa tambaya ya ba da amsa, a je a gwada amsar da zahiri. Duk kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki waɗannan.

6/
Ranki ya daɗe, 'yar uwa da ta ce a bar shi a samfuri tunda kunne ya saba: a ɗakin gwaje-gwaje samfuri na da aikinsa. Jinin da aka ɗiba a hannun yaro a Garki samfuri ne, domin yanki ne na ainihin abin. Ɓera kuwa ba yankin mutum ba ne. Kuma kalmomin biyu suna haɗuwa a jimla guda kullum. Idan mai bincike ya ɗebi jini daga ɓeran gwajinsa, za mu ce ya ɗauki samfuri daga samfuri ke nan? Ɗalibi ba zai gane komai ba.

7/
Hasashe ita ce ta fi ba ni tsoro, domin ta taɓa yin ɓarna a idonmu. Ranar 16 ga Maris 2020 masana a Kwalejin Imperial ta Landan suka fitar da lissafin da ya ce korona na iya kashe kusan mutum 510,000 a Birtaniya idan ba a ɗauki wani mataki ba, mutane kuma ba su sauya halinsu ba. Mako guda bayan nan aka kulle ƙasar. Da adadin bai kai haka ba, sai wasu suka ce ai masanan ƙarya suka yi. Alhali lissafin cewa ya yi “idan”, kuma an hana wannan “idan” ɗin faruwa. Wanda aka fassara wa “model” da hasashe zai ɗauka duba aka yi masa, ranar da bai ga abin ba kuma ya daina yarda da likitoci gaba ɗaya. Hasashe ɗaya ne daga cikin abubuwan da ake fitarwa daga “model”, kuma ƙarfen Watson da Crick ai bai yi hasashen mutuwar kowa ba.

8/
Sauran a gurguje. Misali ya yi faɗi, kowane darasi cike yake da “misali”. Abin koyi na ɗabi'a ne. Mutum-mutumi ya dace da robar da ɗaliban ungozoma ke koyon karɓar haihuwa a kanta, amma ba ya kai wa ga lissafi. Kwaikwayo kuwa ina so mu adana shi, yana da gurbi a gaba.

9/
Allah ya gafarta Malam, shawararka ta kwatanci ita ce ta fi kusa, kuma daga ita na tashi. Duba yadda muke yi wa baƙo kwatancen gida: ka miƙe har masallacin Juma'a, ka karya dama, ka wuce mai shayi, ƙofa ta uku mai shuɗin fenti. Ba ka lissafa masa kowace bishiya da kowane kwata ba, ka bar su da gangan. Ba a kuma auna kwatance da yawan abin da ya ambata, ana auna shi da ko baƙon ya iso. Idan mai shayin ya tashi daga wurin, kwatancen ya lalace, sai an gyara. Ma'anar da muke nema tana nan cikin wannan saiwa ta “kwatanta”.

Matsalar kwatanci ita ce ta riga ta kama aiki a jami'a. Muna cewa nazarin kwatanci idan ana gwama harshe biyu ko adabi biyu. Idan muka ɗora mata wannan ma, “kwatancin maleriya” zai iya zama gwama maleriya da wata cuta.

10/
Shawarata: makwatanci, jam'i makwatantai.

Ba baƙuwar ƙira ba ce. Hausa na gina sunan kayan aiki da ma- a gaba da -i a baya: buɗe, mabuɗi; auna, ma'auni; duba, madubi. Kwatanta, makwatanci, inda t ta koma c a gaban i kamar yadda rubuta ta ba da marubuci. Jam'in ma ya bi sahun mabuɗai da ma'aunai. Abin da na fi so a kalmar shi ne tana shelar cewa abin kayan aiki ne. Bahaushe ya san ma'auni na iya yin daidai, yana iya tauyewa, ana kuma gyara shi. Haka nake so ya riƙi lissafin masana.

Nau'o'in sai su fito da kansu. Na Watson da Crick makwatancin ƙira ne, haka ƙwarangwal ɗin roba da ke rataye a ajin koyon sassan jiki. Ɓera da tsuntsun Ross makwatanci mai rai, ko a ce dabbar makwatanci idan ana son fayyacewa. Na Garki makwatancin lissafi. Zanen ƙwayar zarra da Niels Bohr ya kawo a 1913, mai lantarki na kewaya cibiya hawa-hawa, wanda har yau ake zana wa 'yan sakandare duk da masana sun wuce shi, makwatancin tunani ne. Idan kuma aka ɗora makwatancin lissafi a kwamfuta aka sake shi ya yi ta gudu, a ga yadda annoba za ta bi gari wata bayan wata, a nan kwaikwayo zai shigo: kwaikwayon kwamfuta.

11/
Ƙanena mai karatun harshe ya yi gyara mai kyau: a rubuce makwatanci na iya zama mutumin da ke kwatantawa, kamar maɗinki. Gaskiya ne. A baki karin sauti na raba su, a jam'i ma sun rabu, mutane makwatanta, kayan aiki makwatantai. Don gudun ruɗani a rubutu, mutumin sai mu ce masa mai gina makwatanci, mu bar wa abin sunan.

Ga jimloli a gwada a baki:
“Makwatancin lissafin ya nuna cewa idan aka raba gidan sauro kafin damina, masu kamuwa za su ragu.”
“An gwada maganin a makwatanci mai rai, ba a kai ga gwada shi a jikin mutane ba tukuna.”
Ta biyun nan ita ce na fi so masu karanta labarai su riƙe, saboda yawancin labaran “an gano maganin kansa” da ake turo mana a WhatsApp a kan ɓera aikin ya tsaya, kuma da yawan magungunan da suka yi aiki a ɓera ba sa tsallake gwajin mutane.

12/
Akwai wuri guda da ba zan tilasta kalmar ba. Likitoci na amfani da “model” a wata ma'anar, wato yadda likita yake kallon cuta gaba ɗayanta. A 1977 likitan ƙwaƙwalwa George Engel na Jami'ar Rochester a Amurka ya soki kallon cuta a matsayin lalacewar wani sashe na jiki kaɗai, ya ce a haɗa da halin da zuciyar majinyaci ke ciki da yanayin zamansa da mutane. Wannan ba abin da ake ginawa a yi masa tambaya ba ne, wurin tsayawa ne a hangi majinyaci, kuma muna da mahanga. Sai mu ce mahangar jiki zalla, da mahangar jiki da zuciya da zamantakewa.

Masu aikin rediyo da malaman makarantun koyon aikin jinya, ku ne za ku fara furta ta a gaban mutane. Ku sa makwatanci a darasi ko a labarai na wannan makon, ku dawo nan ku faɗa mana inda harshe ya yi tuntuɓe da abin da ɗalibai suka tambaya.