Dolchstosslegende da Hausa: zagon ƙasa ko yankan baya?

Jama'a a taimaka min da kalma. Ina ɗan rubutu kan Jamus bayan yaƙin duniya na ɗaya sai na ci karo da Dolchstosslegende, wato labarin da manyan soja suka baza wai su ba a ci su da yaƙi ba, na gida ne, ƴan siyasa da ƴan gurguzu da Yahudawa, suka soke su ta baya. Alhali Janar Ludendorff da bakinsa ya nemi a tsagaita wuta tun ƙarshen Satumba 1918, amma farar hula aka tura, Erzberger, ya sa hannu ran 11 ga Nuwamba ya kwashi baƙin jinin, a 1921 aka harbe shi. Me za mu kira wannan?

— Zagon ƙasa mana, meye abin wahala.

— A'a Malam, zago a hankali yake ci ta ƙasa ba a gani. Su wuƙa suke nufi, kuma a hannun ɗan gida. Yankan baya dai.

— Yankan baya ya zauna, amma in ka bar shi haka mai karatu zai ɗauka da gaske an yi yankan, kuma rabin kalmar, legende ɗin nan, shi ke nuna ba a yi ba. Tatsuniyar yankan baya fa?

— Hajiya tatsuniya ta yi laushi, ana cewa gatanan gatananku kowa ya san Gizo ne, ƙurunƙus a watse. Wannan kuwa Hindenburg, babban hafsan sojan Jamus a yaƙin, shi ne ya faɗa gaban kwamitin majalisa a Nuwamba 1919 mutane suka hau suka zauna, a Maris 1920 su Kapp suka yi juyin mulki sai da ma'aikata suka tsunduma yajin aiki ya rushe cikin ƴan kwanaki, 1922 aka kashe minista Rathenau, 1923 Hitler da shi Ludendorff ɗin suka gwada nasu a Munich. Jamhuriyar Weimar, wato mulkin farar hula na bayan yaƙin, duk ta tsallake wallahi, sai a 1925 suka zaɓi Hindenburg ɗin shugaban ƙasa.

— To a ce ƙazafi.

— Ƙazafi hankalin mutane wajen zina zai tafi. Ƙage ya fi, yana da mai ƙagawa da wanda aka ƙaga wa.

Na gode, na ɗauki "ƙagen yankan baya". Mai zagon ƙasa a yi haƙuri, zan ajiye taka in na iso 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki.