Shin da gaske kyanwa da zaki dangi ɗaya ne?

Malamar Firamare:
Assalamu alaikum. Jiya ina koyar da 'yan aji biyar, na faɗa musu cewa kyanwa da zaki da damisa duk zuriya ɗaya ce, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, in haka ne, me ya sa magen gidansu ba ta ruri kamar zaki. Na ce masa girman jiki ne ya bambanta su, amma ni kaina amsar ba ta kwanta mini ba. Ina roƙon masana su warware mini kafin ranar Litinin.

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam, Malama. Abin da kika faɗa musu da farko daidai ne, domin wannan dangi yana da jinsi kusan 40, kuma duk wanda ya taɓa buɗe bakin kyanwa zai ga shaidar: haƙora 30 gare ta kamar zaki, na gefe suna yanka nama kamar almakashi, harshenta kuma yana da kaushi irin na magagari saboda kankare nama daga ƙashi. Dukansu ba sa jin ɗanɗanon zaƙi, shi ya sa kyanwa za ta tsallake sukari ta nufi busasshen kifi.

Sai dai batun ruri ba na girma ba ne, na maƙogwaro ne. Zaki, da damisa, da taiga ta Asiya, da jaguwa ta Kudancin Amurka suna da tantanin murya mai kauri da tsawo, kuma ƙashin da ke riƙe da tushen harshensu bai sandare gaba ɗaya ba, akwai jijiya mai talewa a cikinsa. Wannan ne ke ba su ƙara mai zurfi, har a ji rurin zaki daga nisan kilomita da dama cikin dare. Ita kuwa kyanwa ƙashin nata ya sandare, abin da take iyawa shi ne gurnanin nan mai taushi da ake ji idan an shafa bayanta, wanda ba ya yankewa ko tana shaƙar numfashi ko tana fitarwa. Hujjar da za ki ba yaron ita ce rabbi, wanda Turawa ke kira cita: yakan kai nauyin matashin mutum, yana gudun kusan kilomita 100 a sa'a, amma ba ya ruri, gurnani yake yi kamar magen gida.

Baƙo daga Damagaram:
Likita ya gama magana, sai dai ina da ƙari kan asalin kyanwar gida. Ba daga zaki ta fito ba. Kakarta ita ce kyanwar dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta matso kusa da mutane lokacin da suka fara tara hatsi a rumbu, ɓeraye suka yawaita. A tsibirin Saifurus an tono kabarin da ya kai shekara 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa an binne su tare. A hamadarmu ta Nijar kuma akwai wata 'yar ƙaramar kyanwar rairayi, mai faɗin kunne, wadda gashi ya rufe tafin ƙafarta don kada zafin yashi ya ƙone ta.

Tsohon Mai Fassara:
Malama, ki kula da wani kuskure da ya yi yawa a littattafan yara, wato sanya hoton taiga mai zane-zane a rubuta "damisa" a ƙarƙashinsa. Damisar da kakanninmu suka yi wa kirari da "ƙi sabo" mai ɗigo-ɗigo ce, takan hau bishiya da abin da ta kama, kuma babu taiga a dajin Afirka ko ɗaya. Zaki ma, duk da kirarinsa na manyan dawa, ya kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, ragowarsa na cikin gandun W da ke kan iyakar Nijar, Benin da Burkina Faso, da Niokolo-Koba a Senegal, da 'yan kaɗan a Yankari da Kainji.

Malamar Firamare:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Na duba littafin ajinmu yanzu, kuma lallai taiga ce a shafin damisa.