Wai ina kuɗin asibitin sha-ka-tafi suke tafiya ne?

Uwar Biyu:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku fahimtar da ni. Asibitin unguwarmu an yi masa fenti an zagaye shi da katanga har da sabon get, amma shekaranjiya da dare na raka ƙanwata tana naƙuda wallahi ba ungozoma, ma'aikaciya ɗaya ce tal kuma da fitilar waya take duba ta, safar hannu ma sai da muka aika kemis. Ba a ware musu kuɗi ne ko yaya?

Malamin Asibiti:
Wa alaikumussalam Hajiya, da fatan ta sauka lafiya. Ana warewa. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya a zuba a asusun BHCPF, wato asusun kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara saka shi. Wani kaso yana faɗawa akawun ɗin asibiti kai tsaye duk wata uku, na magani da ƙananan gyare-gyare, sai dai ba kowane asibiti ne ke cikin tsarin ba, in naku ba ya ciki to shiru kake ji. Ɗaukar ma'aikatan dindindin kuwa aikin jiha ne da ƙaramar hukuma, kuma nan gizo ke saƙar, wasu sun yi ritaya ba a maye gurbinsu ba, 'yan sa-kai ne ke riƙe da dutin dare.

Ɗan Kasuwar Kwari:
Gaskiya ni abin da ke min ciwo kenan, katanga ana ganinta a ɗauki hoto a yanka ribon, ungozoma kuwa albashi ce duk wata shi ya sa ba a so. Tun 2001 a Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawarin kashi 15 na kasafi ga lafiya, har yau tarayya ba ta kai ba. Da ni ake tambaya, ma'aikata da sola da rijiyar burtsatse kafin fenti.

Uwar Biyu:
Ta sauka lafiya alhamdulillah, mace aka samu. To Malam mu talakawa wa za mu tambaya?

Malamin Asibiti:
Masha Allah, Allah ya raya. Ki nemi kwamitin ci gaban mazaɓa, WDC ake ce musu, mai unguwa ya san su. Ku je ku mata da yawa ku tambayi incaj, wato shugaban asibitin, ko asibitin na cikin BHCPF, in yana ciki a nuna muku nawa ya shigo da abin da aka saya.