Fentin Corolla yana ɓarewa a rufi da kapo, ya za a yi launi ya dace?

Mai Corolla, Yamai:
Assalamu alaikum. Corolla ce 2010, ruwan azurfa. Rufi da kapo sun fara yin fari-fari, yanzu wata fata kamar leda tana ɓarewa. In fesa fentin gwangwani a wurin kawai, ko sai an yi duka? Kuma ya ake samun launin da zai zo daidai?

Mai fenti, Tawa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Verni ne ke ɓarewa, wato shafin sama mara launi da ke sa fenti sheƙi, rana ta cinye shi. Kada ka fesa komai a kansa, duk abin da ya hau mataccen verni tare za su tashi. Kapon gaba ɗaya za a yi, rufin ma haka.

A wanke da sabulu, a goge maiƙo. A bi da sanfefa mai lamba 320 har sai ka shafa hannu ba ka ji gaɓa ba. Inda ƙarfe ya fito, a kankare tsatsa da 180, a sa fentin ƙasa, wato apre. In ya bushe a lallaɓa shi da 600 zuwa 800 da ruwa. Sai launi hawa biyu ko uku marasa kauri, minti 10 zuwa 15 tsakani, pistole, wato bindigar fesa fenti, na nesa da ƙarfe santimita 15 zuwa 20. Verni hawa biyu. Yawanci kashi biyu ne na verni, kashi ɗaya na dursiser, wato ruwan da ke sa verni ya yi tauri, amma abin da ke jikin gwangwani shi za a bi, ba awon ido ba.

Makanike, Wadata:
Maganar launi, ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a ginshiƙi, ko ɗan farantin cikin kapo. Inda aka rubuta C/TR, uku na farko su ne lambar fenti. 1F7 ruwan azurfa ne, 040 fari, 202 baƙi. Ka kai wa mai haɗa fenti lambar, shi ke nan.

Mai fenti, Tawa:
Malam, lambar mafari ce kawai. Motar da ta sha ranar nan shekara da shekaru ta kauce wa launinta na asali, kuma azurfa ya fi kowanne wuya, don ƙwayoyin alminiyon da ke cikinsa suna kwanciya ne gwargwadon yadda aka fesa. Fesawa a jiƙe, ya yi duhu; a bushe, ya yi haske. A cire murfin tankin mai a kai wa mai haɗawa. A fesa gwaji a kan guntun ƙarfe har da verni, a kara shi da motar a rana, a duba ta gaba, a duba ta gefe. In da ɗan bambanci, a ɓatar da launin zuwa saman fikafikan gaba, verni kuma ya rufe su duka.

Dattijon garaji, Yamai:
Ku ƙara da lokaci, 'ya'yana. A watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, fenti na bushewa kafin ya kwanta, ya fito da ƙuraje. Da sassafe ake yi, cikin inuwa, da diluwan, wato ruwan tsinka fenti, mai jinkirin bushewa. Lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. A zubar da ruwan tankin kwamfaresa tukuna, in ba haka ba fentin zai yi ƙananan ramuka. Mai fesawa ya sa takunkumi mai matata, ƙyalle ba ya tare tururin dursiser, tururin kuma yana ɓata huhu. Alhaji, kada a shafa mata man ƙyalli sai ta yi wata guda.